Ranar da Waya Ta Riga Falalu Isa Birnin Tudu

A Talata Mafara in ka ambaci Falalu Ɗan Fata, dattawa za su ce, "Allah sarki, yana nan kuwa?" Samari kuma su ɗago kai daga waya su ce, "Wa?" su mayar. Yana nan. Gidansa na bayan mahauta, inda aka haife shi shekara sittin da 'yan kai da suka wuce, kuma har yau in iska ta juyo, hancinka zai kai ka ƙofar ba sai ka yi tambaya ba.

Gidansu gidan fawa ne tun kakanni. Yayyensa duk da wuƙa suka tashi, shi kuwa Falalu da ya ga an kayar da sa sai ya nemi bango ya jingina. Ubansa ya duba ya duba, ya ga wannan ba a yi shi don yanka ba, sai ya saya masa keke ya ce ya bi ƙauyuka yana sayen fatun awaki da tumaki wurin mahautan karkara. Haka ya samu hanyarsa. Lahadi da Litinin yana Maradun da Kaya, Talata kasuwar gida, Laraba ya nufi Bakura da Birnin Tudu.

Mai yawo irin wannan kuwa ba ya tafiya da fata kaɗai. Wannan ta leƙo ta ce ya gaya wa uwarta ta sauka lafiya. Wancan ya tare shi ya ce ya faɗa wa ƙaninsa in bai dawo da garmar da ya ara ba, to su haɗu gaban mai gari. Kafin a ankara sallahu ya fi fata yawa a keken Falalu. Ba ya rubutawa, don bai iya ba, kuma bai taɓa kai faɗan wani gida zuwa wani gida bisa kuskure ba. Abin da ya sa mata ke rububinsa shi ne yadda yake isar da saƙo da muryar mai shi. In tsohuwa ta aiko da zagi, da maƙe murya da murguɗa baki zai kawo shi, gida ya kwashe da dariya, wadda aka zaga ta fi kowa. A wancan zamani Falalu bai san yunwar hanya ba. Mutum ne mai warin fata da ake shimfiɗa wa sabuwar tabarma.

Amma inda ya yi suna shi ne saƙon mutuwa. Yana da ƙa'idarsa. Ba ya faɗa a tsaye. Ba ya faɗa wa mace tana riƙe da jariri ko tana bakin wuta. Sai ya zauna, an yi gaisuwa cikakkiya tun daga kwana har kan dabbobin gida, ya sha ruwa, sannan ya ce jikin wane ya ɗan motsa. Ya yi shiru, maganar ta samu wurin zama. In aka matsa, ya ce gaskiya jikin ya yi nauyi. Kafin ya kai ga "sai haƙuri," mai gida ya riga ya gane, ya iso wurin da ƙafarsa. Daga nan sai ya ba da abin da ya tattaro: wa ke kusa da mamaci, me ya ci, me ya ce na ƙarshe. Shekara talatin yana wannan, ba wanda ya taɓa faɗuwa a gabansa.

Sai waya ta zo.

Da farko ba ta ba shi tsoro ba. Alhazan kara, masu cinikin shanu, su ne ke rataye ta a wuya, suna hawa motar shanu neman sabis suna kururuwa, har Falalu ya ce wanda suke kira a Gusau in ya fito ƙofar gida zai ji su ba sai da wayar ba. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Daga nan wani ya kafa tebur da lema a bakin tasha ana buga waya a biya. Sai dillalai suka saya, sai direbobi, sai mai shayi. Manomi na tsakiyar shinkafa laka har gwiwa, waya na cikin hula. Mai nono ta sauke ƙwarya ta zaro tata daga ƙugu. Ranar da Falalu ya miƙa wa makahon ƙofar masallaci sadaka, makahon ya ɗaga masa hannu alamar ya dakata yana magana, ranar ya san an gama.

Ba wanda ya sallame shi, da ma an yi haka da ya fi sauƙi. Zai iso gida da labari da zafinsa, ya gyara murya ya ce Zahra'u ta sauka, namiji, sai a ce, "Mun ji tun jiya, har hoto mun gani, kunnuwan uban ne." Fura ta koma ruwa. Ruwa ya koma "sannu Falalu" daga cikin ɗaki. Keke ya zama babur, tafiyar ta yi sauri, amma ba inda ake jiran ta. Matarsa Gimbiya ta rasu, gidan ya rage shi da buhunan gishirin fata. Ɗansa Jabir da ke Gusau ya aiko masa da 'yar waya mai madanni, yana kira ran Juma'a. "Baba, lahiya? To madalla, kati za ya ƙare." Sauran kwana shida wayar na aljihu shiru, in ta yi ƙara to kamfani ne ke son ya sayi waƙa.

Mutum biyu suka rage masa a duniya, 'yan'uwa ciki ɗaya. Inna Hadizatu a Kaya, ƙanwarta Inna Habiba da aure ya kai Birnin Tudu tun tana yarinya. Dukansu sun haura saba'in, ƙafa ta daina ɗaukar su tafiya, kuma dukansu sun ce ba sa magana da wanda ba su ga bakinsa ba. Saboda haka duk Litinin Falalu ya ɗauki zagi daga Kaya, Laraba ya sauke a Birnin Tudu, ya ɗauko amsa. Yawanci a kan daddawa ake yi. Habiba ta yi ta aika, Hadizatu ta ce a gaya mata ta ba akuya, akuya ta juya baya. Habiba ta ce a gaya mata akuyar ta fi mai ita hankali, ko banza ita ta shinshina. Fatar Kaya da ta Birnin Tudu tuni ta daina biyan man babur. Falalu bai daina zuwa ba.

Wata Litinin lokacin yankan shinkafa ya iso Kaya da hantsi, ya tarar da tabarmi a ƙofar gidan Hadizatu. Da asuba ta cika, har an kai ta. Ya jingine babur ya zauna ya yi gaisuwa. Can Ayuba, babban ɗanta, ya ja shi gefe.

"Malam Falalu, Inna Habiba ba ta sani ba. Kuma ka san hawan jininta. In an jehwa mata wagga magana ta waya, gawa biyu za mu yi. Na hana kowa kira. Kai za ka tahi."

Falalu ya dubi taron. Kowane aljihu da kumburinsa. "Ka hana mutum nawa, Ayuba?"

"Na hwaɗa da ƙarhi, kowa ya ji."

"To Allah shi sa wayoyin ma sun ji."

Duk da haka bai tashi nan take ba, don ba ya tafiya da rabin saƙo. Ya tsaya bakin zaure ya sa aka kira matar Ayuba ya tambaye ta yadda aka yi. Ta ce jiya da la'asar tsohuwa ta ce a yi mata miyar kuka da daddawar Habiba. Ta sha cokali uku, ta lashe baki, ta ce, "Kada wanda ya gaya mata na ce ta yi daɗi." Daga nan ba ta ƙara wata magana ba sai salati. Falalu ya maimaita kalmomin a ransa sau biyu, da muryar mai su, ya hau babur.

Rabon da ya yi gudu irin na ranar tun yana saurayi. Ya bar fatun da ya zo ɗauka. A Mafara ya tsaya aka juye masa kwalbar mai, bai ko sauka ba. Duk wanda ya wuce a hanya da waya a kunne sai gabansa ya faɗi, kuma kowa da waya a kunne. Masu yankan shinkafa a bakin magudanar ruwa, mai tura baro, wata mata a bayan babur da goyo. Ya riƙa jin kamar dukansu maganar Hadizatu suke yi.

Ana gab da azahar ya shiga Birnin Tudu. Ya kashe babur tun daga nesa ya kasa kunne. Ba kuka. Kaji na tono, wani na daka. Ya yi hamdala, ya share zufa, ya yi sallama. Taibatu, surukar gidan, ta ce ya shigo.

Habiba na bakin murhu tana juya kalwa a tukunya.

"Kai ɗan mahauta, yau Laraba ta? Ko tsuhwa ta hwara cin kwanakinka?"

"Hanya ta biyo da ni, Inna. Taho inuwa mu gaisa, hayaƙin ga na shiga mani ido."

"Mai kwana cikin hwata ka gudun hayaƙi? Bari in rage wuta."

Ta ɗauki lokacinta. Ta zare itace ɗaya, ta mayar, ta nemi sandarta, ta yi wa Taibatu faɗa a kan murfin tukunya. Falalu na zaune a tabarma yana jiran ta. Tana bakin wuta. Da ta zauna aka fara. An kwana lahiya, ya gajiya, ya iyali, ya ƙafa, ya aikin shinkafa, ya tunkiyar da ta haihu. Ko ɗaya bai tsallake ba. Taibatu ta kawo ruwa a kofi, ya sha, ya aje a hankali.

"Daga Kaya nike, Inna."

"Mi ta ce kuma, waccan mai bakin?"

"Jikin nata ya ɗan motsa kwanan ga."

Habiba ta dube shi. Hannunta ya tsaya a kan sanda. Ya ga ta fara tahowa wurin labarin, taki ɗaya, kamar yadda ɗaruruwa suka taho a gabansa. Ya ja numfashi zai ba ta lokaci.

A bakin randa wayar Taibatu ta yi ƙara kaɗan. Saƙon murya ne, ita kuma ba ta iya sauraro sai ta buɗe ta kowa ya ji. Muryar wata jikar Hadizatu ce, Nusaiba, wadda ke aure a Maradun kuma ba ta nan lokacin da Ayuba ya yi hani. Cikin kuka da sauri ta ce Allah ya yi wa Kaka rasuwa, an kai ta tun safe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ba a yi gawa biyu ba, Allah ya tsare. Sandar ce ta faɗi. Habiba ta sulale gefe, Taibatu ta yar da waya ta tare ta tana salati, maƙwabta suka shigo ta ƙofa da ta katanga. Aka shafa mata ruwa, aka nemo ƙwayar hawan jini. Wata ta ce maza su ba da wuri. Namiji ɗaya ne a tsakar gidan, ya ɗauki takalmansa ya koma zaure.

Nan ya yi azahar. Daga ciki yana jin wayoyi na ta kuka, wannan ta yi shiru waccan ta ɗauka, Gusau, Sakkwato, Kaduna, kowa na son a ba shi Inna. Can ya ji muryarta, a dashe, tana cewa, "Amin, amin, wa ke magana?" Mutane na shiga suna fita ta gabansa. Wani dattijo ma ya tsaya ya ba shi labarin rasuwar, ya ce wai a Kaya aka yi. Falalu ya ce Allah shi jiƙan ta.

La'asar ta yi, hanyar Mafara kuwa yanzu ba a bari rana ta yi sanyi a kanta saboda 'yan fashi. Ya aika a kira Taibatu. Ta leƙo ido jajur, waya a hannu.

"Baba, ka yi haƙuri, wallahi ban san abin da ke ciki ba na danna."

"Ba laihinki. Ko Inna ta samu sarari? Akwai sauran magana."

"Ga mutane cike da ɗaki, ga kira bai yanke ba. Hwaɗa mani in gaya mata, ko ka yi ta nan in ɗauka, ta ji in ta huta."

Ta miƙo wayar kusa da bakinsa. Falalu ya dubi abin. Maganar na nan a harshensa, da maƙe muryar da lashe bakin, yadda zai yi ta har tsohuwar ta yi dariya cikin hawaye ta ce ja'ira, har ta mutu ba ta bari ba. Sai kuma ya tuna wannan magana ita ke nan ta rage masa. In ya faɗe ta, babu wata a bayanta, daga Kaya ko daga ko'ina.

"Bari dai," ya ce. "Ba ta sauri ba ce. Ki ce mata ina nan tahe ran Laraba."

Ya tura babur har ƙarshen lungu kafin ya tayar, don kada ƙarar ta dami masu makoki. Ya hau hanya a hankali, bayan babur ba fata ko ɗaya. Wajen gonakin shinkafa, inda ba kowa, ya gwada faɗin maganar da ƙarfi don kada muryar ta ɓace masa kafin jibi. Ta fito daidai. Ya sake faɗa.