Yankan Verna Halvorsen

Shekara talatin da ɗaya Verna Halvorsen ta yi a bayan kanta guda, a wani babban shago a Duluth ta jihar Minnesota, wurin da masu saye ke maido da kaya. Mace ta zo da fara'arta ta ce rigar ba ta yi mata daidai ba, ko sau ɗaya ba ta sa ba. Verna ta juya wuyan rigar ta shinshina, ta ji turaren bikin ranar Asabar, ta tura mata abarta ba tare da ta ɗaga murya ba. A wurin nan ta daina yarda da fara'a. Da ta ajiye aiki, ita da mijinta Orville suka tsere wa ƙanƙarar Minnesota, suka sayi ɗan gida mai taya a unguwarmu ta 'yan fansho da ke bayan Yuma. Kayan sanyi ta bari a can, amma halin ta taho da shi cif.

A unguwarmu kowa na buga fikilbol, wani wasa mai kama da tenis da ake buga ƙwallon roba da faffaɗan mabugi, har wanda likita ya hana. Ƙarfe bakwai na safe filaye huɗun sun cika, kafin rana ta fara gasa mutane. Wanda ya iso sai ya jera mabuginsa a jikin shinge, huɗu-huɗu ake shiga, bi da bi. Ba wanda ya naɗa Verna mai tsaron layin nan, ita ta naɗa kanta. Ka kuskura ka matsar da mabuginka gaba da taki ɗaya tana can tana wasa, tana fitowa za ta maido da shi inda yake, ta kuma san kai ne. Orville ba ya wasa, gwiwa ta hana shi. Aikinsa ɗaukar mata jaka da zama a benci da kofin kofi, yana tafa wa kowa har abokan hamayyar matarsa.

Mutane sun haƙura da halinta ne saboda abu ɗaya, yankanta. Ƙugunta na hagu na ƙarfe ne, ba ta iya gudu. To idan aka yo mata bugun farko, sai ta bari ƙwallon ya dira, ta ɗan karkata mabugin sama, ta shafo shi daga sama zuwa ƙasa kamar mai yankan burodi. Ƙwallon ya tashi a hankali yana juyawa da baya, ya tafi can ƙarshen fili. Kafin ya sauka ita ta taka a natse ta isa layin kicin, kusa da raga. Idan ya dira kuma ba ya tashi, sulalewa yake yi a ƙasa, dole tsoho ya duƙa har idon sawu ya ɗago shi, ita kuwa tana tsaye tana jira ta maka masa shi a ƙafa. Shekara uku sunanta na saman allon gasar Talata. Ba ta da jikoki a kusa, ba ta saƙa, ba ta iya kek ba. Yankan nan shi ne abin da take da shi, kuma tana ji da shi fiye da yadda za ta yarda ta faɗa.

A watan Nuwamba aka yi sabuwar zuwa, Gwen Achterberg daga Spokane, doguwa mai dariya da yawa. Ta rubuta a takardar shiga cewa ita matsakaiciya ce. Ranar farko Verna ta yi mata bugun farko, sai ga ƙwallo ya dawo yana juyawa da baya, ya dira ya kwanta. Verna ta duƙa, ƙugu ya ce bai san zance ba, ƙwallo ya wuce. Sau biyar ana haka. Talatar da ta biyo baya sunan Verna ya sauko na biyu.

Ba ta yi fushi ba, lissafi ta shiga yi. Matsakaiciya ba ta yanka haka. Hannun matar ma ba daidai yake sauka ba, Verna ta lura, amma ƙwallon na juyawa kamar an murɗa shi. Idan ba hannu ba ne, to mabugi ne. Kowa ya san akwai masu goge fuskar mabugi da samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako, don ta yi kaushi ta riƙa kama ƙwallo, kuma doka ta hana. Da Gwen ta tafi shan ruwa, Verna ta bi ta jikin shinge kamar mai gyara layi, ta shafa mabugin da babban yatsa. Akwai kaushi. Daga ranar ta fara lura da komai. Me ya sa Gwen ke sa mabuginta a riga da zarar an tashi? Me ya sa take kawo wa kowa lemun bishiyarta, wa ya roƙe ta?

Ta sami Lyle Brandvold, shugaban kwamitin wasa, yana share fili.

“Lyle, matar nan ta Spokane, an taɓa mabuginta.”

“Haba Verna. Don ta ci ki sau biyu?”

“Sau uku. Kuma ba shi ne zancen ba. Na shafa da hannuna.”

“Ke kuma wa ya aike ki shafa kayan mutane? Sababbin da ake yi yanzu ai da kaushinsu suke zuwa.”

“Na san na kamfani, na san na gareji. Kai dai ka ce lemun da ta ba ka ya yi maka zaƙi.”

Lyle ya jingina da tsintsiya ya yi ajiyar zuciya. Ya ce yana da aboki alƙalin gasa a Phoenix mai ɗan na'urar auna kaushi, zai aro. “Amma ki ji da kyau, ba zan ware mace ɗaya in kunyata ba. In za a auna, na kowa za a auna.”

“To da ma me na ce? A fara da nawa.”

Ranar Juma'a aka taru a rumfar da ke gefen fili, har da masu zuwa don cin donat kawai. Lyle ya ɗora na'urar a kan mabugin Verna, ya duba lamba, ya goge gilashinsa, ya sake ɗorawa a wani gefen. Sai ya ajiye shi can gefe, ya ɗauki na gaba. Mabugi ashirin da shida ya auna. Na Gwen ya wuce lafiya, da sauran sarari ma. Ɗaya ne kawai ya haura iyaka, kuma ya haura da nisa.

“Na'urarka ta lalace,” in ji Verna.

“Ashirin da biyar ta auna daidai, sai a kanki ta lalace?”

“To an musanya mini.”

Ta fizgi mabugin ta juya ƙotarsa. Ga ɗigon jan farcen da ta sa da hannunta don kada a yi mata irin wannan musanyar. Nata ne. Ta bi fuskokin da ke rumfar ɗaya bayan ɗaya tana neman wanda zai kau da kai. Gwen na kallonta da tausayi, abin da ya fi zagi ciwo. Wani daga baya ya ce, “Ashe mai gadin ce ɓarauniyar,” aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Mutum ɗaya ne ya sunkuyar da kai a duk wurin, yana kallon cikin kofinsa, kuma shi ne wanda ba ta taɓa tunanin dubawa ba.

Sai da ita da Orville suka shiga gida ta rufe ƙofa sannan ta juyo gare shi. Rana ta take, na'urar sanyaya ɗaki na ta gurnani.

“Tun yaushe?”

Orville ya zauna a bakin kujera. “Tun bayan aikin ƙugunki.”

“Shekara uku ke nan, Orville.”

“Kin manta yadda kika dawo ne? Kina yankawa ƙwallo na tashi sama, suna maka miki. Kin shigo nan kin jefa jaka, kin ce kin gama, a sayar da gidan, mu koma Duluth. Ni kuwa shekara arba'in ina gyaran kujeru, abin da na iya ke nan. Na ɗan shafa masa kaɗan. Washegari kika dawo kina waƙa.”

“Sau ɗaya?”

“Yana lallacewa ai. Duk Laraba, in kin tafi koyon waƙar coci.”

“Kana zaune a benci kana tafa mini, kai ka san abin da kake tafa wa!”

“Ke nake tafa wa, tsohuwar nan. Yankan naki ne. Ni gishiri kawai na ƙara.”

“Nawa ne nawa, nawa ne naka?”

Bai sani ba, ita ma ba ta sani ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Kunyar rumfa za ta wuce, tsofaffi ba sa riƙe labari fiye da mako biyu. Amma shekara uku tana tashi da safe da sanin cewa akwai abu ɗaya da ta fi kowa iyawa, yanzu an ce mata wataƙila na takardar samfefa ne.

Kwamiti ya cire ta daga gasar Talata na wata guda. Orville ya je da kansa ya gaya wa Lyle shi ya yi, ba da saninta ba. Wasu suka yarda, wasu suka ce mace mai gane kaushin mabugin wata da yatsa ɗaya, yaya za a yi ta kasa gane nata? Verna ta ji maganar, kuma ta san da ita ce a gefe, haka za ta faɗa. Gwen ta aiko da lemu cikin leda. Verna ta ƙirga su, ta duba ko akwai takarda a ciki, ta rasa abin da matar ke nufi, ta bar su a kan tebur har suka bushe.

Ba ta taka fili ba duk watan. Ana saura kwana uku ta tuƙa mota ita kaɗai zuwa cikin gari, ta sayi sabon mabugi, ta sa yaran shagon suka naɗe shi da leda suka manne a gabanta. Ta kulle shi a but ɗin mota, ta rataya mabuɗin a wuya da zare. Orville ya gani. Kwana ukun nan yana yi mata ƙwai da safe, tana ci tana kallon hannayensa.

Ranar Talata ta fito da shi a gaban kowa, ta miƙa wa Lyle ya yage ledar da kansa. Na'urar ta riga ta koma Phoenix, sai ya shafa da yatsa ya ce lafiya lau. Layi ya kawo ta fili ɗaya da Gwen, suna fuskantar juna, kuma Gwen ce ke da bugun farko. Sauran filayen uku suka tsaya cak.

“Kin shirya, 'yar'uwa?” in ji Gwen.

“Bugo kawai.”

Ƙwallon ya zo da ƙarfi ta hagunta. Verna ta bari ya dira, ta karkata mabugin, ta shafo shi ƙasa. Ya tashi a hankali yana juyawa da baya, ya tsallake raga, ya tafi har taki ɗaya kafin layin ƙarshe. Ya dira ya kwanta. Gwen ta duƙa iya duƙawarta, ta ɗebo shi ya faɗa raga.

Rumfa ta kaure da tafi. Lyle ya yi fito. Orville ya miƙe tsaye a kan gwiwar da ba ta ɗaukarsa, kofi na zuba a takalminsa, yana ihu, “Kun gani! Na gaya muku nata ne!”

Verna na tsaye a layin kicin. Daɗi ya taso mata, ta ji shi sarai, daƙiƙa biyu ko uku. Sai ta tuna leda aba ce da ake ɓarewa a sake mannewa, ita da kanta ta ga an yi haka sau ba adadi a shagon Duluth. Ta juya wajen benci.

“Orville. Mabuɗin motar nan guda nawa ne?”

Hannayensa suka tsaya a sama.

“Biyu ne, Verna,” ya ce a hankali. “Amma na rantse ban taɓa ba.”

Ta dube shi da kyau. Fuskar ce dai da ya riƙa kawo mata jaka da ita duk Alhamis da safe, shekara uku, ba ta ga komai a cikinta ba. Yau ma ba ta ga komai ba.

Ta taka a hankali ta koma bayan layi, ta sunkuya ta ɗauki ƙwallon da aka gangaro, ta jefa wa Gwen.

“Sake bugowa,” ta ce. “Wannan ban yarda da shi ba.”