Gilashin Zauren Malam

Mijina, Malam, maɗinkin manyan riguna ne, aikin hannu, allura da zare. A shekarun da muke ƙarƙashin Sakkwato, kafin a yanka mana Jihar Neja, yanar ido ta fara rufe masa gani. In ya zauna a waje, iska da ƙyallin rana su sa shi hawaye. In ya shiga zaure, ko kafar allura ba ya gani. Ni nake zura masa zare, ina yi ina mita, don ni dai ba a san ni da haƙuri ba.

Ƙaninsa direban babbar mota ne, yana jigila zuwa Kaduna. Shi ya kawo shawarar a fasa bangon zauren ta gabas a sa babban gilashi, irin wanda ake gasawa a wuta ya yi tauri. Ya ce iri biyu ya gani, akwai siriri, akwai mai kaurin ɗan yatsa.

"Yaya, siririn nan ko Tegina ba zai kawo ba," in ji shi. "Ka san hanyar."

Malam ya ce abin da za a saya sau ɗaya gara a sayi mai ƙarfi. Muka yi ta lissafa maƙiyan gilashi: ramukan hanya, jifan yara, ƙahon ragon maƙwabta. Ba wanda ya tuna cewa zaurenmu ginin ƙasa ne.

Gilashin mai kauri ya iso lafiya, naɗe cikin katifa. Magini ya kafa shi a katako, ya yaɓe gefensa. Haske ya cika zaure har na ga dauɗar da ban san da ita ba. Matan unguwa suka mai da shi madubi, kowace ta zo wucewa sai ta gyara ɗauri. A bazarar nan Malam ya zura zare da kansa, ya gama riga guda, har ya yi mini gori wai ya sallame ni daga aiki.

Sai ruwan Agusta ya sauka. Bangon ya sha ruwa ya yi laushi, nauyin gilashin ya dinga danna shi. Wata rana bayan azahar, Malam yana masallaci, gaban zauren ya zube gaba ɗaya. Gilashin kuwa ya kwanta a kan taɓo, ko ƙwarzane babu. Na tsaya a kansa ina zaginsa kamar mai jin magana.

Na ce a rage shi. Direba ya ce, "Matar Yaya, wannan ba ya yankuwa. Da an taɓa shi zai watse kamar gishiri." Sai dai a yi masa bangon siminti. Da damina ba a gini, da rani kuma siminti ya yi wuyar samu. Gilashi na jingine a tsakar gida kaji na kallon kansu, idon Malam na ƙara rufewa. Kullum na kai masa tuwo sai in ga hannunsa na laluben kwano, zuciyata ta karye, in koma madafa in yi kuka.

Da ƙyar aka gama ginin. Ran da aka ɗora gilashin na riƙo hannunsa da hantsi, na zaunar da shi a kan buzunsa, na ajiye masa allura da zare. Rana ta kwanta masa a cinya, fes. Yana ta jira, fuskarsa na fuskantar gabas.

Can ya ce, "To, har yanzu ba su ɗora ba ne?"