Kwalbar da Ke Aljihun Mai Allura

Idan ka kai wa Yayata akuya rigakafi, kafin ta taɓa sirinji sai ta buɗe kularta ta ƙanƙara ta ce ka sa hannu. Ba wasa take ba. Ko garke gare ka ko akuya ɗaya tilo, sai ka tsoma yatsu ƙanƙara ta cije ka, sannan ta ɗauko kwalbar magani. Mutane sun yi tsegumi har sun gaji, suka laƙaba mata Uwar Ƙanƙara. Mijinta kuwa tuni ya haƙura, domin firjin gidan na magani ne. Yakan ce shi kaɗai ne magidancin da ke roƙon ruwan sanyi a maƙwabta alhali ga firji a falonsa. Ni ƙanwarta ce, shagona na dusa da abincin kaji yana manne da nata, kuma ni ba na dariya idan ana wannan zolaya, don na san inda halin ya samo asali.

Babanmu makiyayin awaki ne. Garken ba nasa ba ne shi kaɗai, gado ne tsakaninsa da 'yan uwansa biyu, Baffa Babba da Baffa Direba. Su suna harkokinsu, shi yana bayan gida da tsintsiya da kwandon harawa, ya san kowace akuya da halinta. Yana da amini guda, mutumin da kowa ke kira Mai Allura, wanda shi kaɗai ne mai duba dabbobi a duk yankinmu. Kwano ɗaya suke ci da Baba. Mu ma Baba muke ce masa, da mun ji ƙarar babur ɗinsa sai rige-rigen kai masa kujera.

Ranar rigakafi Yaya ce ke riƙe awaki, don tun tana ƙarama ba ta tsoron ƙaho. Tana durƙushe, wuyan akuya a hammatarta, idonta a kan hannun Mai Allura. Zai zaro kwalba daga aljihun gaban rigarsa, ya girgiza, ya zuƙa, ya mayar aljihu, yana ta ba Baba labari yana share gumi. Kwalbar nan mai yagaggiyar takarda ita ce za ka gani a gidan maƙwabta gobe, ita ce jibi. Wa ya san wani abu a lokacin? Mu dai mun ga an yi allura, hankali ya kwanta.

A wata shekara, an gama rigakafi ke nan, sai Baba ya sayo wani bunsuru a kasuwa, dogo, mai kyau, don ya gyara iri. Ba a jima ba bunsurun ya fara majina. Sai ta bi garken: ido ya cika da kwantsa, baki ya yi gyambo, ga tari, ga zawo mai warin da har yau in na tuna sai na tofar da yawu. Baba ya yi ta haƙa ramin binne su har tafin hannunsa ya ɗaye. Abin da ya rage a ƙarshe bai kai a kira shi garke ba.

Baffanni suka zo, aka zauna a tsakar gida, aka kira Mai Allura ya faɗi abin da ya faru tunda shi ne masani. Muna leƙe ta taga. Ya sunkuyar da kai ya ce shi dai ya yi nasa, amma wanda ya jajibo ciwo daga kasuwa ya zuba cikin garke, babu allurar da za ta cece shi. Baffa Babba ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce wa Baba ya kashe musu gadon uba da kwaɗayin bunsuru. Baba kuwa shi ma ya yarda da maganar.

Daga ranar suka ɗauke ƙafa daga gidanmu. Baba ya tumɓuke turaku ya zama mai gadin wani sito, bai ƙara kiwon ko kaza ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne har a jinyarsa ta ƙarshe, yana kwance ba ya iya ɗaga kofi, sai ka ji yana cewa da bai sayi bunsurun nan ba. Da wannan ya tafi. Mai Allura yana zaune a gefen gadon yana ce masa ya daina tunawa, ƙaddara ce.

Shi ne kuma ya matsa wa Mama a kai Yaya makarantar koyon kula da lafiyar dabbobi. Shi ya ɗauke ta a babur har bakin ƙofa da akwatinta. Muka ce wannan shi ne amini, ya riƙe amanar mamaci.

Yaya ta ɗauki karatun kamar mai jin yunwa. In ta zo hutu ba mu da sakat da zancen cututtukan dabbobi: sammore, ciwon hanta, kirci, tsutsar ciki, ana cin abinci tana kwatanta kashin ɗan maraƙi har Mama ta kore ta da ludayi. Tunkiyar maƙwabta ba ta wucewa sai ta kama ta ta buɗe mata fatar ido. Ni kaina ta taɓa cewa in buɗe baki ta ga dasashina, na ce ta je ta nemi 'yan uwanta a turke.

Sai aka zo darasin annobar awaki da tumaki. Malamar, wata gajeriya mai faɗa, ta jera alamomin, Yaya ta ce ji ta yi kamar ana karanta mata bayan gidanmu. Daga nan malamar ta ajiye kwalba biyu a kan tebur. Ɗaya ta ciro ta daga ƙanƙara, ɗayar daga aljihunta, ta ce tun safe ta haɗa ta ta jefa a ciki. Ta ɗaga ta aljihun ta ce wannan yanzu ruwa ce kawai. Maganin rai gare shi, zafi na kashe shi, kuma da an haɗa shi dole a ƙarar da shi nan take, ragowar a zubar. Yaya ta ɗaga hannu ta tambaya idan an yi wa garke rigakafi sannan aka shigo da bunsuru mai ciwon fa. Malamar ta ce idan rigakafin gaskiya ne, bunsurun zai yi mutuwarsa, garken na tsaye yana tuƙa.

Ba ta jira hutu ba. Da rana tsaka ta faɗo gida, ta ja ni muka tafi shagon Mai Allura. Yana zaune a bencinsa, bayansa wani mataccen firji da yake ajiye takalman ruwa a ciki. Ta gaishe shi yadda aka saba, sannan ta faɗa masa abin da aka koya musu. Ni ina jira ya musa, ko ya ce bai sani ba, wallahi da na yafe masa. Amma bai musa ba.

"Na san wata rana za ki zo da maganar nan," in ji shi. "Mu ma an koya mana."

Ya shiga kame-kame, wai ba wuta, ƙanƙara da nisa, kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, zubar da ragowar asara ce. Yaya ta ce ba wannan ta zo tambaya ba. Ta ce, "Kana zaune a gefen gadonsa yana kiran bunsurun nan. Me ya hana ka faɗa masa?" Ni kuwa na faɗi abin da ke bakina, har ta fizgo ni waje.

Abu ɗaya Yaya take so, a wanke sunan Baba a wurin 'yan uwansa. Muka zarce gidan Baffa Babba, muka same shi a ƙofar gida yana yanke farce. Ta yi masa bayani tiryan-tiryan, har da zanen kwalba a ƙasa. Ya saurara, bai ko ajiye rezar ba. Ya ce ai su ma sun ji ƙishin-ƙishin tun a lokacin, don gidajen da ba su sayi bunsuru ba ma sun yi asara.

"To da mun ɓata da Mai Allura, wa zai duba mana dabbobi?" Ya hure farcensa. "Shi babanku ai ɗan uwa ne, ba inda za shi."

Ashe sun sani. Sun auna wanda za su iya rasawa, suka zaɓi Baba. Yaya ba ta yi kuka a nan ba, sai da muka sha kwana ta dafa katangar wani gida ta yi mai isarta. Ni ban yi ba, haushi ya hana ni, kuma har yau bai sake ni ba.

Ta koma ta gama karatunta, ta buɗe shago, abu na farko da ta saya kula ce. Mai Allura ya tsufa, ido ya tafi, yanzu ita kaɗai ce a yankin. Tana gaishe shi in sun haɗu, amma ba ta ƙara kiransa Baba ba.

Bara sai ga Baffa Babba a ƙofar shagon, da awakinsa a bayan a-kori-kura. Na ce mata ta kore shi, ta ce awakin ba su yi mata komai ba. Ta fito da kula ta buɗe a gabansa. Ya yi 'yar dariya ya ce haba 'yata, ai na yarda da ke.

"Baba ma ya yarda," ta ce. "Sa hannunka, Baffa."

Ya tsoma. Ba ta ce ya cire ba, ta juya tana haɗa maganinta a nitse, shi kuma yana tsaye da hannu a cikin ƙanƙara, ya kasa ɗago kai ya dube mu.