Takardar da Aka Aika Lahira

Tan Shufen ta buɗe jakar fatar da ta bari a kan teburin cin abinci, ta ga wayam. Ta waiwaya ta dubi mahaifiyarta, wadda shigowarta ke nan daga maƙabarta, tana karkaɗe toka daga hannun riga. Ranar sharar kaburbura ce, ranar da a ƙasar Sin kowane gida ke ƙona wa mamatansa kuɗin takarda na kwaikwayo don su samu na kashewa a lahira.

A kasuwar tsofaffin kuɗi da kan sarki ta Shanghai Shufen ta tashi, a rumfar mahaifinta, marigayi Tsoho Tan. Shi ya koya mata shafa takarda da bayan yatsa, da sunsuna tawada, da bambanta jan hatimin da aka buga da hannu da wanda inji ya kwaikwaya. Ba ta yi aure ba, ba ta taɓa barin garin ba. Gashinta ya yi fari a ƙarƙashin fitilar rumfar nan, kuma duk abin da ta tara a duniya shi ne idan ta ce takarda ta gaske ce, ba mai sake tambaya.

Wani dattijo daga Ningbo, Mista Fang, shi ya kawo mata takardar da ke cikin jakar: shaidar lamunin gina hanyar jirgin ƙasa tun zamanin sarakuna, wanda kakansa ya saya, danginsu suka ɓoye a cikin bango lokacin da ake kama mutane a kan irinta. Ba sayarwa zai yi ba, so yake ya tabbatar ta gaske ce kafin ya damƙa wa jikokinsa. Dokar kasuwa ce kayan amana ba sa kwana a waje. Amma Tsoho Tan ya sha faɗa cewa hasken safiya kaɗai ke tona asirin takarda, ita kuwa tagar gidansu gabas take kallo, don haka ta taho da takardar gida. Da safen ta ɗaga ta a hasken tagar, ta ga tambarin da ke cikin jikinta, ta ce da ƙarfi, "Ta gaske ce!" Sai ta fita sayo furannin kabari.

"Mama, ina takardar da ke cikin jakar nan?"

"Na kai wa babanki."

"Kin kai masa? Yaya kika kai masa?"

"Yadda ake kai musu mana. Kin daɗe, na yi tafiyata." Tsohuwar ta zauna tana cire takalmi. "Dubi abin da kika sayo masa jiya, kuɗin wasan yara, tawada na fita a hannu. Mutumin da bai taɓa karɓar jabu ba duk rayuwarsa, shi za ki aika wa wannan? Ai jefo miki zai yi. Da kunnena na ji kin ce waccan ta gaske ce."

"Mama, ta mutane ce!"

"To babanki dabba ne?"

 Fuskar tsohuwar fes, rabon da a gan ta cikin kwanciyar hankali haka tun ranar jana'iza.

Washegari ta gaya wa Gu, maƙwabcin rumfarta, mai sayar da tsofaffin tsabar kuɗi. Ya yi dariya har da tari.

"Yaya Tan, tsohon naku ya zama mai hannu a jirgin ƙasan lahira ke nan! Ki ce ya ajiye mini kujera." Da ya ga idonta, ya rage murya. "Ke ma kin cika tsoro. Akwai wani a bayan tasha, kwana kaɗan zai buga miki irinta. Wa zai gane? Ai ke ake tambaya."

 Abin da ya fi ƙona wa Shufen rai shi ne gaskiya ya faɗa, ba mai ganewa.

A gabansa ta kira Mista Fang a waya, ta faɗa masa komai, ba ta rage ba.  Dattijon ya ce, "Mahaifiyata ta sha duka a kan takardar nan, ba ta faɗi inda take ba." Ya ce zai yi magana da 'yan'uwansa, su za su yanke ko a kai ƙara wurin shugabannin kasuwa. In an kai, rumfar ta tafi, sunan ma haka.

Kafin yamma labari ya zagaye kasuwa. Mutum biyu suka zo suka karɓi kayansu, suna kauda ido.

Har yanzu Shufen na buɗe rumfa kowace safiya, wayarta a gefen fitila. Daga Ningbo dai ba a kira ba tukuna.