Kifin Baba, Mace ko Namiji

Da Baba ya yi ritaya daga aikin tashar jiragen ruwa a Legas, abin da ya fi lallaɓawa cikin kayansa shi ne akwatin gilashi mai kifin teku. A falonmu na unguwar Damba aka girke shi. Ruwan Gusau ba ya karɓar kifin sai an dama masa wani gishiri da ake aikowa daga Legas. Inna kan ce mu 'ya'yan riƙo ne, kifin ne ɗan gida.

Ɗan siriri ne ja-ja mai ɗigon baƙi a gadon baya, in ya tsorata sai ya nutse cikin yashi. Baba ya ce sunan irinsa ras, kuma mace ce.

A lokacin Baba da ƙaninsa, Baffa, sun daɗe ba sa ga maciji saboda gonar gado a Kwatarkwashi. Baffa ya zo daga Bunguɗu yi masa barka da dawowa, don kunyar idon mutane kawai. Har ya miƙe zai tafi, sai ya leƙa gilashin.

"Wanga namiji na," in ji shi.

"Macce ta," in ji Baba.

"Haba Yaya! Ni da nit tashi cikin bisashe, shanu da awaki? Dubi tahiya tai."

Daga ranar, duk Juma'a sai Baffa ya zo duba kifi. Su yi ta musu har Inna ta kawo tuwo, su ci a kwano ɗaya ba wanda ya sauka daga kan bakansa. Ban taɓa jin sun ambaci gona ba. Ina kewar hayaniyar nan ƙwarai.

Sannu a hankali ɗigon ya ɓace, kore da shuɗi suka feso a fuskar kifin. Na bincika a waya, na ga irinsa mace yake fara rayuwa, in ya girma ya rikiɗe ya zama namiji. Na ruga da ɗokina na gaya wa Baba cewa kowa ya yi gaskiya, musu ya ƙare.

Ashe ya sani tun a Legas. Ya rage murya ya ce, "Kul kika hwaɗa mai. In musu ya ƙare, mi za ya kawo shi?"

Ban kuwa taɓa gaya wa Baffa ba.

Bayan rasuwar Baba, ranar da aka tashi daga zaman makoki, Baffa ya shigo falo ya durƙusa gaban gilashin. Kifin ya riga ya cika namiji, launinsa ko makaho ya shafa ya sani. Baffa ya daɗe yana kallonsa, sannan ya share ido da bakin rawaninsa.

"Ɗiyata," ya ce da ni, "Yaya ya hi ni gaskiya. Macce ta."