Na Kai Saƙon Baba Birmingham, Na Dawo da Shi

Juma'a: daga Fallowfield

Ina idar da sallar asuba na rataya jaka na fito daga gidan da muke haya a unguwar Fallowfield. Ana irin yayyafin nan na Manchester da bai isa a buɗe masa lema ba, amma sai ya jiƙa mutum sharkaf. A jakar akwai kaftani ɗaya da hula, da ƙullin kuka da daddawa na tsarabar masu masaukina. Babban kayan da na ɗauko kuwa a baki yake, saƙon mahaifina ne zuwa ga ƙaninsa.

Ga waɗanda ba su sani ba, Baffa Haliru uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da Baba. Lokacin da aka ce kowane gida a garinmu ya ba da yaro ɗaya a kai makarantar boko, Baba ne babba, amma shi aka bari a gona aka tura Baffa. Daga nan sai ci gaba: ma'aikatar harkokin waje, jakada a ƙasa kaza da ƙasa kaza, sannan manyan ƙungiyoyin duniya suka ɗauke shi. Ya raba abinci a sansanonin 'yan gudun hijira, ya sa an haƙa rijiyoyi a ƙasashen da ban ma iya faɗin sunansu ba, ya zaunar da masu yaƙi da juna a tebur ɗaya har suka sa hannu. A garinmu hotonsa muka sani. Rabonsa da zuwa tun ina firamare, ko rasuwar kakarmu ta waya ya yi ta'aziyya.

Da damina ɓarin jikin Baba ya shanye, kuma tun daga nan kullum baya yake yi. Da labari ya kai gida cewa Baffa zai yi jawabi a Birmingham, Inna ta kira ni ta kara wa Baba wayar.

"Sadisu, ka je da ƙafarka," in ji shi, harshensa na nauyi. "Ka ce ya zo in gan shi tun ina gane mutane. Amma kada ka faɗa a gaban jama'a, ka ji ko? Ka bari sai ya taso rakiya."

Haka ake yi a wajenmu. Baƙo ya zo a gaisa, a ci a sha, a taɓa hirar duniya. Sai ya miƙe ya ce zai tafi, mai gida ya taso ya taka masa, a nan ne, su biyu a hanya, zai faɗi abin da ya kawo shi. Na ce wa Baba to.

Bas ta sauke ni a Oxford Road, na ƙarasa tashar manyan motoci a ƙafa. Na gwada duba jirgin ƙasa tun farkon mako, da na ga kuɗin sai na rufe wayar, ɗan makaranta ba shi da wannan gatan. Direban motarmu wani dattijo ne ɗan Pakistan, ya dubi tikitin a wayata ya ce in yi addu'a kada babbar hanya ta cushe. Addu'ata ba ta ci ba. Kafin garin Stoke muka tarar ana gyaran titi, muka yi ta rarrafe kusan awa guda, wata mata a bayana tana ba mijinta labarin kyanwarta ta waya tun daga nan har muka wuce. Ni kuwa ina ta bitar saƙon a raina, ina neman inda zan sa kalma ta farko.

Sparkhill

Da hantsi muka shiga tashar Digbeth a Birmingham. Na hau wata bas da ke bin Stratford Road zuwa unguwar Sparkhill, shaguna jere hagu da dama, masu yadi, masu gwal, masu naman halal, ƙamshin gashi yana shigowa ta taga. Bitrus, wanda muka yi karatu tare a Zariya, shi ya tarbe ni. Mutumin Filato ne, yanzu yana aikin kula da tsofaffi, ya kwana a wurin aiki amma ya ƙi barci sai ya ga isowata. Shi ya kai ni ƙofar masallaci da lokacin Juma'a ya yi, ya zauna a shagon shayi yana jirana.

Matarsa, Maman Joy, ta ga kuka da daddawa ta yi guɗa a tsakiyar kicin. Da yamma ta tuƙa mana tuwon semo. Yaransu biyu suka dubi miyar, babbar ta tambayi uwarta da Turancin 'yan Birmingham dalilin da ya sa miyar ta zama koriya, aka ba su taliya suka ci.

Na ba Bitrus labarin abin da ya kawo ni. Ya ajiye lomarsa.

"Sadisu, nan fa UK ne. Mutumin nan appointment ake yi kafin a gan shi. In ka samu minti biyu, just tell him."

"Baba ya ce sai a rakiya."

"To in bai raka ka ba fa?"

Na yi dariya. Na ce ɗan yayansa ya taso tun daga wani gari, a ce bai taka masa ba? Ko mahaukaci ya san wannan.

Asabar: otal a tsakiyar gari

Na sa kaftanina na kafa hula na tafi. Zauren taron cike yake da malaman jami'a da ɗalibai da 'yan Najeriya masu son hoto. Aka kira Baffa, aka yi ta karanto muƙaman da ya riƙe har mai karantawa ya tsaya ya sha ruwa. Da ya fito sai na ga kamar Baba ne. Tafiyar Baba ce, kafaɗar Baba ce, har yadda yake shafa gemu kafin ya yi magana. Bambancin kawai, wannan fatarsa ta sha hutu.

Ba zan zalunce shi ba, mutumin ya iya magana. Ya ba da labarin wani sansani da aka yi watanni ba ruwa, da yadda ya ƙi komawa babban birni sai da tankoki suka iso. Ya faɗi wani sulhu da ya wargaje a hannunsa, bai ɓoye ba. Na zauna ina jin alfahari, ina jin haushin kaina da nake jin alfaharin.

Can wata ɗaliba ta tambaye shi sirrin sasanta mutanen da ba sa ga maciji da juna. Baffa ya yi murmushi ya ce ba a jami'a ya koya ba, a ƙauyensu ya koya. Ya bayyana musu da Turanci mai daɗi yadda baƙo a wajenmu ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai an taso raka shi. Ya ce duk ƙarshen hutu yayansa ne yake ɗaukar masa akwati har bakin titi inda ake hawa mota, kuma duk maganar da ta gina shi a wannan hanyar aka faɗa masa ita. Ya ce saboda haka a duk zaman sulhu, ko wane ne ya tashi fita, shi da kansa yake raka shi har mota, don a nan ake jin gaskiya. Zaure ya ɗauki tafi. Ni ma na tafa, har idona ya kawo ruwa. Na ce a raina shi ke nan, aikina ya zo da sauƙi.

Bayan an tashi na bi layin masu gaisawa. Wata baturiya mai suna Emily, wadda ke riƙe da wayoyinsa da jadawalinsa, ita ke tsayar da mutane. Na faɗa mata ko ni wane ne, ta je ta raɗa masa. Ya ɗago ya dube ni, fuskarsa ta ɗan canja, sannan ya buɗe hannuwa ya rungume ni a gaban kowa, ana ta ɗaukar hoto.

Aka shigar da ni wani ɗaki a sama inda aka ajiye masa shayi. Akwai wani farfesa, da wasu mutum biyu masu shirya taron. Na durƙusa na gaishe shi. Hausarsa tana nan garau, irin ta tsofaffi, ko kalmar Turanci ɗaya bai sa ba. Ya tambayi Inna, ya tambayi limamin garinmu wanda ya daɗe da rasuwa, ya tambayi ko tsamiyar bakin kasuwa tana nan. Ya tambayi karatuna, ya juya ya faɗa wa farfesan cewa ɗansa ne injiniyan ruwa. A ƙarshe ya ce, "Yaya Yaya?"

"Yana gaishe ka, Baffa. Yana kwance tun damina, jikin ya yi tsanani."

"Allah Ya ba shi lafiya," in ji shi. Ya ɗauki cokali yana juya shayin da ya riga ya sha rabinsa. Farfesan ya sako wata magana a kan taron gobe a London, Baffa ya kama ta hannu biyu.

Na jira suka kai aya, sannan na miƙe na gyara hulata.

"Baffa, ni zan koma."

Ya dafa hannun kujera. Wallahi na ga ya fara tashi, gwiwarsa ta miƙe. Muka haɗa ido, kuma na san ya san akwai magana. Sai ya koma ya zauna.

"To madalla, Sadisu. Ka gaida gida da kyau." Ya juya ya yi wa Emily Turanci, ya ce ta raka ni zuwa lif.

Ita ta raka ni. Takalminta na ƙwas-ƙwas a gabana, ta danna mini maɓalli, ta ba ni jaka mai tambarin taron da biro a ciki. Cikin ladabi ta tambaye ni ko akwai wani saƙo da zan bari ta isar wa Ambasada. Na dube ta. Ta ina zan fara gaya wa wannan baiwar Allah cewa wani tsoho yana kwance yana jiran ƙaninsa? Na ce babu.

Ban tafi ba. Na zauna a falon ƙasa ina fuskantar lif, na ce dole ta nan zai fito. Na zauna har la'asar ta wuce. Da na gaji na tambayi mai tsaron ƙofa, ya ce manyan baƙi ta ƙofar baya ake ɗaukarsu, motar ta daɗe da tafiya. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Mutumin da ya raka shugabannin 'yan tawaye har mota, ya kasa taka wa ɗan yayansa zuwa bakin ƙofa.

Lahadi: komowa

Bitrus bai ce ai na gaya maka ba, Allah Ya saka masa. Maman Joy ce ta kasa haƙuri.

"Haba Uncle Sadisu! Da ka faɗa kawai a gaban farfesan. Kunya ce za ta kama shi, so what? Yanzu me za ka ce wa Baba?"

Na tashi na shiga ɗakin yara na kwanta. Da safe, kafin su tafi coci, Bitrus ya ɗauki jakata ya raka ni tashar bas cikin ruwa. Sai da muka yi nisa da gida ya ce kada in yi wa tsoho ƙarya, kada in ce Baffa yana hanya, in faɗa masa yadda aka yi.

Hanyar komowa babu cunkoso. Na zauna kusa da taga ina kallon tumaki a filaye, ina tambayar kaina ko ni ne wawan, da na riƙe al'ada a ɗakin da ba a san ta ba. Sai in tuna ai an san ta, a gabana aka sayar da ita aka sha tafi. Da azahar muka shiga Manchester, na hau bas ɗin Fallowfield na isa ɗakina lafiya.

Ina godiya ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Ina godiya ga Bitrus da iyalinsa da suka ba ni ɗakin yaransu, da direban da ya kai mu, har da Emily, ita dai aikinta ta yi.

Sai da na yi sallah na kira gida. Inna ta kara wa Baba wayar. Na fara kame-kame, ina cewa taron ya yi kyau, Baffa ya ambace shi a gaban Turawa, ya tambayi kowa da kowa. Baba ya katse ni.

"Har ina ya rako ka?"

"Bai taso ba, Baba. Wata ma'aikaciyarsa ya sa. Ban samu na faɗa masa ba, laifina ne, zan nemi hanyar zuwa London in..."

"Ka ce masa ina kwance?"

"Na ce."

"Ka miƙe ka ce za ka tafi?"

"Na miƙe."



"To ai ka isar, Sadisu. Ya ji, ya kuma ba ka amsa. Kada ka je ko'ina, ka zauna ka yi karatunka."

Inna ba ta kashe wayar da wuri ba, ba ta iya ba. Sai na ji muryarsa daga nesa yana ce mata ɗakin nan na kusa da zaure da aka share aka shimfiɗa wa sabuwar katifa, a kira yara su mayar da buhunan gero ciki.