Rijiyar Baba da Ƙwaryar Wake

Idan na tuna daminar nan, ruwa nake fara gani. Tafkin bayan unguwarmu a Yindiski ya cika har ya taɓo gonaki, gajimare na kwance a cikinsa, balbelu na takawa a baki kamar ba sa son jiƙa ƙafa. Da hantsi ƙasa na fitar da tururi, komai ya yi laushi a ido. Sai daga baya nake tuno mutanen da ke zaune a zaure da ƙafa a miƙe, kowa da ɗan tsinken da yake naɗe kurkunu a kai, kaɗan yau, kaɗan gobe, gonarsa kuwa ciyawa ta cinye.

Lokacin ina malamin tsabta a hukumar En'e ta Potiskum, da aurena da ɗan gemuna, ina ji da kaina ƙwarai. Likita Bature, wani dogo mai jan wuya, ya ba ni aiki: in bi gida gida in yi tambaya biyu. Ina kuke shan ruwa, rijiya ko tafki? Akwai mai kurkunu a gidan ko babu? Yana so ya gane ko ruwan da cutar suna tafiya tare ne, ko kuwa kowa hanyarsa daban.

Rijiyar unguwar kuwa Baba ne ya haƙa ta. Ƙasarmu ba ta ba da ruwa da sauƙi. Rani biyu ya yi yana shiga ramin nan da igiya a ƙugu, har in ka leƙa ba ka ganin komai sai ɗan hasken gumi a bayansa. A can ya baro lafiyar ƙirjinsa. Sadaka ya yi ta, bai taɓa karɓar ko anini ba. Da ya tsufa sai ya mayar da gindin tsamiyar da ke kusa da ita wurin zamansa, yana jin ƙarar guga yana lumshe ido.

Na bi gidaje da littafina. In yi sallama, maigida ya fito, a gaisa, a tambayi Baba da jiki, sannan in yi tambayata. Amsa ɗaya ce kusan ko'ina: "Rijiya mana, malam. Allah ya saka wa mahaifinka." Ni kuma, shashasha, sai in ji daɗi in rubuta. Waɗanda suka ce tafki 'yan kaɗan ne, wasu fatake daga Borno da suka sauka a unguwar bayan girbin bara, ba su san ɗan wane ne ni ba.

Likita ba ya son lissafi a takarda kaɗai. Ya sa aka kawo ƙwarya biyu a barandar ofis, ɗaya ta rijiya, ɗaya ta tafki. Kowane gida ƙwayar wake guda: ja idan akwai mai ciwo, fari idan babu. Ina karantawa yana jefawa. Ƙwaryar rijiya ta yi ja jawur. Ta tafki, 'yar mitsitsiya, fara tas.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko dai sa'a ce kawai?"

Ya ce da Hausarsa mai tsalle, "Bari mu tambayi sa'a." Ya juye waken duka a faifai, ya gauraya, ya rufe ido ya ɗebo wa kowace ƙwarya adadin da take da shi tun farko. Muka duba. Ja ya bazu a duka biyun, kusan rabo ɗaya. Ya sake, ya sake, ina kallon waken na gangarawa a faifai kamar mai barci a tsaye. Ko sau ɗaya ƙwaryar tafki ba ta fito fara tas ba. Ya ce, "Ka gani? Idan ruwa ba ruwansa da ciwo, haka za su riƙa fitowa. Namu ba haka ya fito ba. Rijiyar nan akwai magana." Ya ce Juma'a ta sama za a cike ta da ƙasa.

Wallahi tsoro ya kama ni, da kunya. Da hannuna na rubuta abin da zai binne aikin mahaifina. Ban iya gaya wa Baba ba. Na wuce ɗakin Gwaggo, ƙanwarsa, mace mai baki kamar reza, na zayyana mata.

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Kai da bokonka. Wa zai dubi idon ɗan mai rijiya ya ce ba ya shan rijiya? Kara suka yi maka, sakarai. Kuma mazan da ka tambaya, yaushe rabonsu da ɗaukar tulu? Da damina wace mace za ta ja igiya mai tsawon nan, ga tafki a bayan danga?"

Raina ya ɓaci, don na san gaskiya ta faɗa. Na koma wurin Likita na roƙi kwana biyar. Ya ba ni huɗu.

Gwaggo ta yafa mayafinta muka fita. Ni in tsaya a zaure, ita ta shige ciki. Ba ta tambayar kowa komai da farko. Ta ce ƙishi take ji, a miƙo moɗa, ta leƙa randa da kanta. Ruwan tafki yana barin jan laka a gindin randa, na rijiyar Baba kuwa garau yake, da ɗan zartsi a harshe. Sai ta ce, "Ke 'yar nan, daminar bara ma haka?" Matar ta yi dariya ta rufe fuska ta faɗi gaskiya. Gwaggo ta fito ta ce min, "Rubuta tafki." Ina tsaye a zauren mutane ina jin ƙamshin jiƙaƙƙen bunu, tsutsar gara na faɗowa, rana na shiga ta ƙofa tana fita, har kwanakin suka haɗe min wuri ɗaya.

Muka sake zuba wake. Wannan karon ƙwaryar tafki ce ta cika, ja ya yi mata yawa. Ta rijiya ta koma 'yar kaɗan, kusan duk fari, gidanmu da na wasu tsofaffi da ba su taɓa sauya ruwa ba. Likita ya gauraya a faifai sau da yawa, sa'a ta kasa fitar da irin wannan. Ya ce fataken nan ma ba tsira suka yi ba, kurkunu sai ya shekara a jiki yake fitowa, su kuma ba su shekara ba. Ya janye maganar cikewa. Ya ce a ɗaga bakin rijiyar, a sa mata gwafa da sabuwar igiya, a hana shan tafki sai an tace.

Da la'asar na tafi gindin tsamiya kamar in tashi sama. Baba na zaune, idonsa a lumshe. Na durƙusa na ba shi labarin tun daga farko, da waken, da Gwaggo, da yadda rijiyarsa ta kuɓuta. Ina zuba ban lura ya daina kaɗa kai ba.

Ya ce, "Gida nawa ka ce suka rage a ƙwaryar rijiyar?"

Na gaya masa.

Ya daɗe yana kallon bakin rijiyar, inda igiya ta ci itace ta yi masa zane. Wata mata ta wuce da tulu a kai daga wajen tafki, ta rusuna ta gaishe shi, ta yi masa addu'ar da kowa ke yi masa. Ya amsa mata da kyau. Da ta yi nisa ya yi tari, ya ce a hankali, "Ashe duk daminar nan da nake zaune a nan, ba sa sha."

Ya ce in ɗebo masa guga ɗaya. Na ja igiyar nan mai tsawo har tafina ya yi zafi, ya sha, ya miƙo min sauran.